Ranar da zomon Habuja ya durƙusa mini

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da na tafi binciken mijin Sa'adatu. Shekara biyu ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai ina tsakiyar ban ruwa, sai in waiga in ga ko akwai mai kallona.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san tsawon wurin da na faɗo. Ni manomin albasa ne a Wurno, ina kuma da 'yar gonar wake wajen Lahodu. Bokona aji huɗu ya tsaya (malaminmu ya ce kaina na da kyau, babana ya ce to madalla, a kai shi fadama ya yi amfani), saboda haka in kun ga rubutun ya karkace, ba laifin alƙalami ba ne. A unguwarmu an san ni da kamun kai. Ba ni cin abinci a kan hanya. Ba ni dariya har a ga dasashina. In miji da mata sunka yi rikici ni ake kira, in zauna in haɗe gira, kowa ya shiga taitayinsa tun ban buɗe baki ba. Shekara arba'in na yi ina gina wannan fuska.

Allah bai ba mu haihuwa ba, ni da mai ɗakina Hajiya Ige. Sa'adatu ɗiyar ƙanena ce, marigayi, tun tana shekara uku take hannunmu. Ita ke karanta mini saƙon waya, ita ke yanke mini farce, ita kaɗai ce kuma a faɗin Wurno ke iya ce mini "Baba, ba haka ba ne" ta kwana lafiya.

To sai ga wani yaro Bashar, ɗan Rabah, ya fito nemanta, ita ma tana sonsa. Sau biyu ya zo gaishe ni. Kun dai san yadda ake yi: takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa can nesa kusa da randa, kai a ƙasa, ni kuma ina kallon rufi kamar mai ƙirga azara. Ban taɓa ganin fuskarsa sosai ba. Saman hularsa na sani, sai muryarsa, wata siririya mai sanyi: "Baba, an wuni lahiya?"

Na aika Rabah anka bincika, anka ce gidan mutunci ne. Saura sana'a. Da anka tambaye shi, ya ce yana aiki a Habuja, a wani wurin shaƙatawa, ɓangaren tarbar baƙi.

Ige ta ce, "Shi tarbar baƙin ga, mi aka yi cikinai? Ni ma kullum tarbar baƙi nika yi gidan ga, ba wanda yat taɓa ce mani ma'aikaciya. Tashi ka tai ka gani da idonka, kai ne waliyyi."

(Abin da ban gaya wa Ige ba shi ne, ina fatar in iske wa yaron wani aibi, ko ɗan ƙarami ne, wanda zan kafa hujja da shi in ce a dakata. Za ku ji dalili nan gaba, tunda har zomo ma ya ji.)

Lokacin an cire albasa, ina da kaya masu tafiya Habuja, sai na bi motar. Abokina Buba, wani Bafulatanin Boyekai da muke tsokanar juna tun muna samari, ya ce zai raka ni don kada mutanen birni su haɗa ni da buhunan su sayar. Ba mu gaya wa Bashar ba. Bincike ba a yi masa shela.

Da munka sauke kaya, washegari bayan azahar na sa babbar rigata mai aska, na kafa hulata ta zuwa ɗaurin aure, munka hau keke mai ƙafa uku har ƙofar wurin. Wata yarinya ce a tagar sayar da tikiti, Bahausa, ta leƙa bayanmu, ta sake leƙawa.

"Baba, ina yaran?"

"Waɗanne yara?"

"Waɗanda kuka kawo."

Buba ya nuna ni da sandarsa. "Ga shi nan, ɗiyata. Tun Wurno yaka kuka sai an kawo shi lilo."

Yarinyar ta toshe baki, ta ɗaura mana wata takarda a wuyan hannu kamar waɗanda za a kwantar asibiti. Munka shiga.

Jama'a, ni dai ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Akwai wata ƙatuwar ƙafar keke da ta fi bene tsawo, mutane na zaune cikin kwanduna tana juyawa da su sama suna ihu, kuma da kansu sunka shiga, ba wanda ya tilasta su. Akwai jirgin ƙasa ɗan ƙarami da ba ya zuwa ko'ina, inda ya ɗauke ka nan zai sauke ka. Sai kuma dabbobi masu tafiya da ƙafa biyu: zaki, da wani kusu mai jar riga, da wani zomo fari tas wanda ya fi ni tsawo, kunnuwansa kamar ganyen ayaba.

Kada wani ya ce na zaci aljanu ne. Na san mutum ne a ciki, ai mun yi tashe muna yara. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne manya. Ga wani mai gemu, da gilashi, da agogo, shi da matarsa su biyu rak, sun bi layi don a ɗauke su hoto da kusu. Kusu, wanda in na gan shi a rumbuna takalmi nake cirewa! Na kasa haƙuri, na taɓa shi.

"Ɗana, ina yaranka?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba mu samu ba tukuna, Baba. Amma ai mu ma jiya yara ne, kuma ba wanda ya kawo mu."

Na ce wa Buba, "Ka ji ko? Birni ya ƙare." Amma maganar ta zauna mini. Ni ma dai ba wanda ya taɓa kawo ni, ban kuma taɓa samun wanda zan kawo ba.

Munka tambayi wani ma'aikaci mai rawayar riga ko ya san Bashar ɗan Rabah. Ya yi wani murmushi da ban gane ba sai daga baya, ya ce, "Yana kan aiki. Ku zagaya, za ku haɗu." Munka zagaya. Duk mai rawayar riga sai na tsaya bayansa in saurari muryarsa, tunda ita na sani. Babu Bashar.

Ana cikin haka gardama ta ɓarke tsakanina da Buba a kan zomon nan. Ni na ce ta ido yake gani, tunda ga idanu nan manya kamar faifai. Buba ya ce, "Kai Kaɗo, ba ka san dabba ba. Idon ga fenti na. Diba yadda yaka ɗaga haɓa in zai kalli mutum. Ta baki yaka gani." Na ce to ta ina yake numfashi? Kunnen kuma, waya ce a ciki ko kara? In fitsari ya kama shi fa? Wallahi tambayoyi sunka cika mini ciki har na manta abin da ya kawo ni. Na koma wurin mai rawayar rigar na ce ko zan iya tambayar zomon da kansa. Ya ce, "Ka tambaya, Baba, amma ba zai amsa ba. Doka ce. Ba su magana, ba su cire kai a gaban jama'a. Wanda ya yi magana ya bar aiki."

Sai munka nufi zomon.

Yana tsakiyar tsalle-tsalle da wasu yara, yana kaɗa bindi, yana tafa musu. Yana juyowa ya gan mu sai ya tsaya cak, hannu ɗaya a sama, kamar wanda anka ɗauke wa wuta. Ya daɗe a haka. Daga nan ya sauke hannun a hankali, ya sunkuya, ya fara kokawa da takalminsa. Takalman kuwa kowane ya kai akushi, kuma da alama ɗinke suke da wandon. Ya ja, ya ja, ɗaya ya fita, ga ƙafar mutum da baƙar safa. Ɗayan ya ƙi. Sai ya haƙura, ya ja da baya taku uku, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai har kunnuwan sunka share ƙasa.

Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai na ji kaina ya kumbura.

"Buba, ka gani? Ko zomon Habuja ya san manya."

"Ai bai yi ma kowa haka ba," in ji Buba, yana ɗan kishi. "Ko rigar ga taka ta, ya zaci basarake na?"

"Ba riga ba ce. Kwarjini na. Kai da ba ka da shi ba za ka gane ba."

Mutane sunka fara taruwa, kowa ya ɗaga waya. Na ce, "Tashi, tashi, Allah shi yi maka albarka." Ya ƙi tashi. Na je na kama hannunsa na ɗaga shi da kaina. Gashin kuwa laushi kamar auduga. Ban san lokacin da na rungume shi ba. Mai gemun nan ya ce, "Baba, tsaya haka!" ya ɗauke mu hoto. Na ce a sake, ban shirya ba. Na gyara hula, na kama kunnen zomo ɗaya na ɗora a kafaɗata kamar rawani, anka sake.

Sai lasifika ta saki wani kiɗa mai ganga. Wata mata ta ce, "Baba, rawa! Baba, rawa!" sauran sunka ɗauka.

To ni a zamanina, in anka buga gangar noma wurin gayya, daga Wurno har Rabah an san ƙafata. Shekara arba'in na binne wannan ƙafa. Na duba hagu, na duba dama: ba ɗan Wurno ko ɗaya, ban da Buba, shi kuwa ko ya faɗa ba mai yarda da shi. Na naɗe hannuwan babbar riga bisa kafaɗa, na karɓi sandar Buba a matsayin kwasa, wato fartanya, na duƙa, na fara. Gaba, baya, juyi, tsalle ɗaya (na biyun gwiwa ta hana). Jama'a na tafi. Zomo kuwa, wanda ɗazu yake tsalle kamar an sa masa batir, ya tsaya ƙiƙam, ya juya kai gefe yana kallon bango. Har ya fara sulalewa da takalmi ɗaya a hannu. Na cafko bindinsa.

"Ina za ka? Zomo da kunya! Taka mana!"

Ya taka. Sau biyu, a hankali, kai a ƙasa, kamar mai tafiya gaisuwar mutuwa.

Da numfashi ya ƙare mini na zube a wani benci ƙarƙashin itace, na ja shi ya zauna. Ya ƙi zama a bencin, ya zauna ƙasa. Buba ya tafi neman ruwa, jama'a sunka watse, ya rage ni da shi. Kun san akwai daɗin hira da wanda ba ya iya ba ka amsa. Na fara da ƙarar 'yan'uwansa da ke cinye mini wake a Lahodu. Ya sunkuyar da kai. Sai na tuna aikina.

"Kai, ka san wani Bashar nan wurin, ɗan Rabah?"

Ya gyaɗa kai.

"Yana salla?" Ya gyaɗa.

"Yana bin mata?" Ya girgiza kai da ƙarfi har kunnen ya mare ni a fuska.

"Mutumin kirki na?" Bai gyaɗa ba, bai girgiza ba. Na ce, "Hmm. Ka ga ko kai ka kasa shedarsa. Ni dama wuyan nan nasa bai kwanta mani ba, kamar na zalɓe. Kuma kullum kai ƙasa, wa ya sani ko hanci ne babu."

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma rawar ta buɗe mini wani abu a ƙirji. Na ce masa, "Zomo, bari in gaya maka gaskiya, tunda kai ba ka magana. Yaron ba shi da laihi. Ni na zo biɗar laihin. In yat tai da Sa'adatu Habuja, gidan ga sai ni da Ige muna kallon juna. Wa zai karanta mani waya? Wa zai ce Baba ka sha maganinka? Ita kaɗai Allah ya ara mana. Ko Ige ban gaya ma wannan ba." Har da share ido da gefen riga, ni, wanda ko ranar jana'izar ƙanena ba a ga hawayena ba.

Zomon ya ɗaga hannuwa biyu ya danne kunnuwansa. Na yi dariya na ce, "Kai, ka iya wasa!"

Sai ga Buba da ruwa. "To, ka tambaye shi ta ina yaka gani?"

"Yanzu za mu raba gardama," in ji ni.

Na tashi, na kama haƙoran zomon nan biyu manya, na ɗaga haɓarsa, na cusa kaina cikin bakin. Akwai wata raga baƙa. Na kare hasken da tafuna biyu, na matsa har hancina ya taɓa ta. Sai ga idanu biyu na mutum, jajaye, gumi na zuba cikinsu, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai yatsa uku ba. Munka kalli juna. Sai wata murya siririya mai sanyi, wadda ko cikin kabari zan gane ta, ta ce a hankali:

"Baba, an wuni lahiya? Ku gafarce ni. Ni na, Bashar."

Wannan shi ne karo na farko da na ga fuskar surukina. Yana da hanci.

Na fizge kaina da sauri, haƙorin zomo ya tuɓe mini hula, ta gangara ta gefen ragar ta faɗa cikin rigar. Ga ni tsaye, sanƙo a waje, riga a naɗe, takarda a wuyan hannu, a gaban yaron da ko tari ban taɓa yi a gabansa ba. Duk abin da na yi tun daga runguma har zuwa zalɓe ya dawo mini ɗaya bayan ɗaya, a jere, kamar buhuna na saukowa daga mota.

Buba ya ce, "Yaya? Ta ina?"

Na ce, "Ta baki. Ka ci. Mu tai."

"Hularka fa?"

"Na ba shi."

Ban waiga ba sai da munka fita ƙofa. A nan na gaya wa Buba. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, sannan ya zauna a ƙasa bakin titi ya yi ta dariya har wani ɗan sanda ya zo ya tambaya ko farfaɗiya ce.

Kafin in iso Wurno, rawata ta riga ni. Ban san wa ya tura wa wa ba, amma na iske Ige da Sa'adatu a tsakar gida, kai haɗe bisa waya, kiɗan nan na tashi. Ige ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Malam, sannu da bincike." A masallaci ba wanda ya ce komai, sai dai liman ya riƙe hannuna ya daɗe yana tambayar lafiyar gwiwa.

Rawar ba ta dame ni kamar sauran ba. Kwana bakwai ina jiran in ji maganar bencin nan ta fito: ko daga bakin Sa'adatu, ko daga Rabah a ce tsohon ya ce yaronmu zalɓe ne, kuma kuka yake kada a ɗauke masa ɗiya. Ina kuma tunanin ko wani ya ji yaron ya yi magana an kore shi, a ce ni na jawo. Shiru. Na lura da fuskar Sa'adatu safe da yamma, ban ga alamar ta san komai ba. Game da zomon ma, cewa ta yi, "Baba, ko wane ne ciki, ka wahalshe shi."

Rana ta takwas sai ga baffanninsa biyu daga Rabah, shi kuma a bayansu. Ya tuɓe takalmi (wannan karon duka biyun sunka fita), ya durƙusa kusa da randa, kai a ƙasa. Ni ma kai a ƙasa. Ban taɓa sanin tabarmar zaurena tana da zane mai kyau haka ba.

Babban baffan ya ce, "Yaron ga ya zo da wata shawara. Ya ce zaman Habuja da iyali akwai wuya, ɗakinai ƙarami na. In kun yarda, zai kama gida nan Wurno, bayan masallacin unguwarku, ita ta zauna nan, shi ya riƙa zuwa duk wata. Mun ce mishi Rabah fa? Ya ce a'a, nan ya fi kusa da hanyar mota."

Duk wanda ya san ƙasar nan ya san wannan ba hujja ba ce. Na ɗaga ido kaɗan, na ga saman hularsa bai motsa ba.

Maƙwabcina Alhaji, da na kira don ya zama sheda, ya ce, "To Malam, kai ne kat tai bincike. Sana'ar tasa, mi kag gani?"

Na yi gyaran murya, na haɗe girar da ta rage mini. Na ce, "Tarbar baƙi yaka yi. Na gani da idona. Ya iya." Sannan na ce na ba shi.

Bayan sun tafi Ige ta shigo da wata leda da yaron ya bari a bakin ƙofa. Hulata ce, an wanke ta, an ɗora ta a gwangwani ta bushe, ta fi yadda na saye ta tsayuwa.

Yanzu Sa'adatu na goyon ɗa namiji, kullum da hantsi tana leƙo mu, ta karanta mini waya, ta ce ba haka ba ne. Ni da Bashar har yau ba mu taɓa tayar da maganar ba. Yana gaishe ni daga wurin randa, ina amsawa ina kallon azara, kowa ya san abin da ya sani.

Abin da na koya, ga shi kyauta: in ka je garin da ba wanda ya san ka, wani abu ya durƙusa maka, kada ka ce kwarjini ne. Tambayi ɗan gidan wa ne tukuna, kafin ka naɗe riga. Bara kuwa zomaye sun cinye mini kusan kunya huɗu ta wake a Lahodu. Buba ya kawo mini tarko har gida. Na ce ya mayar da abinsa, ba zan ɗana wa dangin surukina tarko ba.